TAKARDAR LIKITA DA IYAKAR ƘASA

Jama'a da yawa suna tsammani wanda ya gama karatun likita a Masar, ko Sudan, ko Ingila, da ya dawo gida sai ya shiga duba marasa lafiya. Ba haka ba ne. Takardar da makaranta ta ba shi shaida ce ta karatu kawai. Iznin yin aiki kuwa wani abu ne dabam, kowace ƙasa ita ke bayar da nata.

Wannan al'amari ya daɗe. A shekarar 1930 aka buɗe makarantar koyon aikin likita a Yaba, a Ikko. Waɗanda suka fito daga cikinta sun san aiki, amma Majalisar Likitoci ta Ingila ba ta yarda da takardarsu ba, saboda haka a Nijeriya kaɗai take da amfani, kuma ana ajiye su ƙasa da wanda ya yi karatu a Turai. Da aka kafa Kwalejin Badun a 1948, sai aka haɗa ta da Jami'ar London, don digirinta ya karɓu a waje.

Bayan samun mulkin kai, a 1963, Nijeriya ta kafa majalisarta, wadda yanzu ake kira Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya. Ita ke riƙe da littafin rajista. Ɗalibin da ya yi karatu a waje, tilas ne ya kai mata takardunsa a bincika, sa'an nan ya zauna jarrabawarta. In ya ci, a ba shi rajista ta wucin gadi, ya yi shekara guda a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci, kana ya sami cikakkiyar rajista. Lasisinsa kuma kowace shekara ake sabunta shi. Haka nan likitanmu in ya tafi Ingila, sai hukumar can ta yi masa rajista kafin ya taɓa maras lafiya.

Ƙwarewa kuma mataki ne na gaba. Likitan fiɗa, da na ido, da na yara, da na mata, kowannensu sai ya ƙara shekaru yana koyo, ya ci jarrabawar wata kwaleji ta ƙwararru. Akwai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, akwai kuma na Afirka ta Yamma, waɗanda Nijeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya suke tarayya a cikinsu, don takardar ƙwarewa ɗaya ta karɓu a ƙasashen duka.

Saboda haka, uban da zai sayar da gona ko shanu ya tura ɗansa karatun likita a waje, ya fara tambayar Majalisa ko ta yarda da makarantar, kada yaro ya dawo da takardar da ba za ta yi masa amfani ba. Maras lafiya kuma ba laifi ya tambaya ko mai duba shi yana da rajista. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.