Race: Kalmar Turanci Mai Asali Biyu

 Yau za mu tsaya ne a kan kalmar Turanci guda ɗaya mai haruffa huɗu, wadda ake rubutawa race, ake furta ta kamar "res". Duk mai bin labaran duniya ya sha cin karo da ita. Idan zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato a Amurka, da ita jaridu ke kiran takarar. Da ita aka kira rige-rigen tara makaman nukiliya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, da kuma gasar zuwa sararin samaniya da ta kankama da tauraron Sputnik a 1957, ta kai ga sauka a kan wata a 1969. Sannan idan ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ya shiga asibiti a birnin New York aka miƙo masa fom, zai tarar da kalmar a saman wasu 'yan akwatuna, ana so ya nuna ko shi fari ne, ko baƙi, ko ɗan Asiya.

Haruffa da lafazi ne kawai suka haɗa waɗannan ma'anoni, domin kalmomi biyu ne masu tushe daban. Ta farko, mai nufin gudu, ta shiga Turanci ne wajen shekarar 1300 daga harshen mutanen arewacin Turai na da, inda take nufin gudu ko ruwa mai ƙarfin tafiya. Har yau Bature kan kira magudanar ruwan da ke juya injin niƙa da wannan suna, kuma da ita yake cewa zuciyarsa na bugawa da sauri. Wannan ba ta da wata matsala a wurinmu: tsere ce, gasa ce, rige-rige ne, in kuma ta dawakai ce mu ce sukuwa. Ta biyun ce mai nauyi. Ta iso Turanci a ƙarni na 16 daga Faransanci, su ma Faransawa sun aro ta daga Italiyanci, kuma da farko ma'anarta iri ce ko zuriya. Ana faɗinta a kan irin dawakai, da gidan sarauta, har ma da mutanen da sana'a ɗaya ta haɗa. Launin fata bai zama jigonta ba sai daga baya.

Abin da nake so mu fahimta a yau shi ne, wannan ma'ana ta biyu ba sunan wata halitta ba ce tsayayya kamar tsawo ko rukunin jini. Iyaka ce da mutane suka shata, galibi hukuma da kotu, kuma takan matsa gaba ko baya gwargwadon buƙatar mai iko, kamar iyakar gonar da ba a kafa mata dutse ba. Masana Turai ne suka fara ba ta rigar ilimi. Wani likita Bafaranshe, François Bernier, ya wallafa rabe-raben mutanen duniya a 1684. Carl Linnaeus na Suwidin ya kasa 'yan Adam gida huɗu a 1735, Johann Blumenbach na Jamus kuma ya mai da su biyar a ƙarshen ƙarnin, kuma ta hannunsa sunan tsaunukan Kokesus ya shahara a matsayin laƙabin farar fata. Tun a nan ya kamata mai hankali ya lura cewa ko adadin gidajen ba su daidaita a kansa ba. Kuma ba a banza wannan lissafi ya bunƙasa a zamanin da jiragen bayi ke ratsa tekun Atlantika ba. A 1662 yankin Virginia ya kafa doka cewa matsayin ɗa na bin na mahaifiyarsa, wato ɗan baiwa bawa ne ko da ubangidanta ne ya haife shi. Wanda ke da wannan buƙata dole ya nemi kalmar da za ta mai da bauta gado.

Babu inda matsawar wannan iyaka ta fito fili kamar wasu shari'o'i biyu a Kotun Ƙolin Amurka. Tun 1790 dokar ƙasar ta keɓe damar zama ɗan ƙasa ga baƙi fararen fata, daga baya a 1870 aka ƙara da 'yan asalin Afirka. A 1922 wani ɗan Japan, Takao Ozawa, wanda ya daɗe a ƙasar ya yi karatu a can, ya ce fatarsa ba ta fi ta Turawa da yawa duhu ba, don haka a ɗauke shi fari. Kotu ta ce a'a, launi ba shi ne ma'auni ba, sai wanda masana suka sanya a gidan Kokesus. Wata uku bayan nan, a farkon 1923, sai ga Bhagat Singh Thind, ɗan Indiya wanda ya yi aikin soja wa Amurka, yana cewa to ai masanan nan sun sanya mutanen arewacin Indiya a wannan gida. Kotun nan dai ta ce ba maganar masana ake bi ba, abin da talakan Amurka ke ɗauka fari shi ne fari. A shari'ar farko an kori launi an kama ilimi, a ta biyu an kori ilimi an kama ra'ayin jama'a. Abin da bai canja ba shi ne ƙofar da ake son ta zauna a rufe.

In muka ƙetara iyakokin ƙasashe, sai abin ya ƙara bayyana. A Virginia, dokar 1924 ta ce wanda ke da ko ɗigon jinin baƙar fata ba fari ba ne, ta kuma haramta masa auren farar fata, har sai da Kotun Ƙoli ta rushe irin wannan haramci a 1967. Homer Plessy, wanda shari'arsa ta 1896 ta halatta wariya a jiragen ƙasa, kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na asalinsa ya fito daga Afirka, kuma ido ba ya bambanta shi da Bature. A Afirka ta Kudu, dokar rajistar jama'a ta 1950 ta ware ruwa-biyu a matsayin gida mai zaman kansa, jami'ai har fensir sukan soka a gashin mutum su ga ko zai faɗo, kuma duk shekara akan sauya wa wasu mutane gida a takarda, har aka soke dokar a 1991. A Brazil kuwa mutum ne ke faɗin launinsa da kansa a ƙidaya, kuma a ta 2022 waɗanda suka kira kansu masu launin tsaka-tsaki su ne suka fi yawa. Mutum ɗaya, da fuskarsa ɗaya, zai iya zama baƙi a Amurka, ruwa-biyu a Afirka ta Kudu, a Brazil kuma a ɗauke shi fari.

Mu ma kalmar ta taɓa mu, amma da wata ma'ana ta daban. A rubuce-rubucen Turawan mulkin mallaka, race kan nufi al'umma ko ƙabila, kamar yadda a Ingila suke faɗinta a kan Irishawa ko Faransawa. Da ita suka kira Hausawa, da ita suka kira Fulani. Sun zo da aƙidar cewa wasu al'ummu an halicce su ne don yaƙi, aƙidar da suka gina rundunarsu ta Indiya a kanta, kuma Hausawa na cikin waɗanda aka yi wa wannan kallo tun lokacin da Baturen mulkin mallaka John Glover ya kafa rundunarsa a Legas a shekarun 1860. Sun kuma zo da aƙidar cewa duk wata wayewa da aka gani a Afirka baƙi masu hasken fata ne suka kawo ta daga arewa maso gabas, ra'ayin da Charles Seligman ya yaɗa a littafinsa na 1930 kan al'ummun Afirka. Da wannan tabarau suka kalli sarakunan Fulani a arewacin Najeriya. Da shi kuma 'yan mulkin mallakar Beljiyam suka kalli Tutsi a Ruwanda, inda a shekarun 1930 suka rubuta wa kowa gidansa a katin shaida, katin da aka riƙa dubawa a shingayen kisan ƙare dangi na 1994. Saboda haka ɗalibin da ke karanta tsofaffin littattafan tarihinmu, in ya ga kalmar ya fassara ta da launin fata, ya kauce wa abin da marubucin ke nufi.

Na san wani zai ce, Malam, ai ido ba ya ƙarya, kowa na ganin bambancin Bahaushe da ɗan Sin. Gaskiya ne, bambancin kamanni na nan, kuma gadonsa ake yi. Amma wanda ya tashi daga Kano ta ƙasa, ya bi Agadas, ya ƙetare Sahara zuwa Tunis, ya haye Sisili har ya kai Suwidin, ba zai taɓa isa wani gari da za a ce nan baƙi ya ƙare fari ya fara ba. Launi na sauyawa ne sannu a hankali, yana bin ƙarfin rana. A 1972 masanin ƙwayoyin gado Richard Lewontin ya nuna cewa kusan kashi 85 cikin 100 na bambancin gado tsakanin 'yan Adam ana samunsa ne a cikin kowace al'umma ita kaɗai, ɗan kaɗan ne ke tsakanin manyan gidajen da aka shata. Binciken da ya biyo baya ya kuma tabbatar da cewa Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado a tsakanin mutanenta. Ke nan akwatin da ya haɗa Bahaushe da Bazule da ɗan Habasha wuri ɗaya ya haɗa mutanen da tazarar gadonsu ka iya fin wadda ke tsakanin Bature da ɗan Asiya.

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta likitoci, kuma ta cancanci a saurare ta. Za a ce ga amosanin jini nan, cutar sikila, ai ta baƙar fata ce. Amma taswirar sikila taswirar zazzaɓin cizon sauro take bi, kamar yadda mai bincike Anthony Allison ya nuna a 1954, domin mai ɗauke da rabin gadon yana samun kariya daga mummunan zazzaɓi. Shi ya sa take da yawa a Najeriya, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da rabin gadonta, ana kuma samunta a tsakiyar Indiya, da gabashin Saudiyya, da wasu sassan Girka, alhali ba ta cika samuwa a tsakanin baƙaƙen Afirka ta Kudu ba. Abin da likita ke buƙata shi ne sanin inda kakannin mara lafiya suka fito, da gwajin jini. Dogaro da akwatin fom ma ya yi ɓarna. Shekaru da dama asibitocin Amurka na amfani da wani lissafin aikin ƙoda da ke ƙara wa baƙar fata maki, sai ƙodarsa ta zama kamar ta fi lafiya a takarda, a jinkirta sanya shi a layin dashe. Sai a 2021 manyan ƙungiyoyin likitocin ƙoda na ƙasar suka ba da shawarar a cire wannan ƙari.

To in haka ne, me zai hana a jefar da kalmar baki ɗaya? Faransa ta gwada wannan hanya. Dokarta ta 1978 ta taƙaita tattara bayanan asalin mutane, kuma a watan Yulin 2018 majalisar dokokinta ta kaɗa ƙuri'ar cire kalmar daga sashe na farko na kundin tsarin mulki, ko da yake gyaran bai kai ga kammaluwa ba. Niyyar mai kyau ce, amma ban gamsu da ita ba. Rabon ƙirƙirarsa aka yi, amma cutar da ya haifar ta gaske ce. Mai gidan haya da ya hana ɗan Mali ɗaki ba ya jiran izinin masana, kuma in hukuma ba ta ƙirga waɗanda ake hanawa, wanda aka zalunta ya rasa shaidar da zai kai kotu. Birtaniya ta bi wata hanya da na fi ganin hikimarta. Ta riƙe kalmar a doka tun 1965, sannan a dokar daidaito ta 2010 ta fayyace cewa ta ƙunshi launi, da ƙasar da mutum ke ɗauke da takardunta, da asalin ƙabila. Kalmar a nan ta zama sunan dalilin da ake cutar da mutum saboda shi, ba tare da doka ta yarda cewa rabon gaskiya ne ba. Sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 irin wannan aiki yake yi, sai dai da kalmomin da suka dace da ciwonmu, wato ƙabila, da garin asali, da addini.

Wannan ne ya sa masu fassara labarai ke da aiki a gabansu. Fassarar wariyar launin fata ta dace da abin da ya faru a Afirka ta Kudu da kudancin Amurka. Ba ta dace sosai da dokokin Nuremberg na 1935 ba, domin Yahudawan Jamus ba launi ne ya raba su da maƙwabtansu ba, rajistar addinin kakanni aka riƙa dubawa. Kalmar jinsi kuma yanzu ta fi karkata ga bambancin mace da namiji. Dole a kowane labari a tambaya, wace ƙasa ce, wane zamani, kuma wa ya shata layin. Su kansu masu kalmar ba su gama gyara ta ba. Ƙidayar Amurka ta 1930 ta sanya 'yan Meziko a gida na dabam, ta 1940 ta janye. Sai a 2000 aka yarda mutum ya zaɓi akwati fiye da ɗaya. A watan Maris na 2024 kuma gwamnatin ƙasar ta buɗe sabon gida ga mutanen Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, don haka Bamisren da aka ƙirga a cikin fararen fata a 2020 aka tsara ya samu akwatinsa na kansa a ƙidayar 2030.