Jirgin ruwan da ya kife ya fitar da makaɗi daga gonar shinkafa

Duk wanda ya taso a Garwa yana kallon fim ɗin Chanis a gidajen bidiyo na unguwa ya san abin da ke kai mu can: duka, tsalle da takobi. Kiɗa ba ya cikin lissafi. Amma a shekarar 2000 wani fim ya fito mai suna Crouching Tiger, Hidden Dragon, wanda mutum zai shiga domin faɗa, ya fito ƙirjinsa ya yi nauyi. Mai kiɗan fim ɗin sunansa Tan Dun, kuma hanyar da ya bi ya zama makaɗi abin al'ajabi ce.

An haife shi a 1957 a wani ƙauye kusa da Changsha, a lardin Hunan na ƙasar Sin. Kiɗan da ya fara shiga kunnensa na bokayen ƙauye ne, masu kaɗa duwatsu da ruwa a wajen tsafinsu. Yana yaro Mao Zedong ya ƙaddamar da juyin juya halin al'adu a 1966, karatu ya tsaya, aka riƙa kwasar samari ana kai su gona. Tan Dun ya yi shekara biyu yana dashen shinkafa cikin taɓo. Idan an tashi aiki sai ya bi manoma yana koyon waƙoƙinsu, yana haɗa musu kiɗa da tukwane da duk abin da hannu ya samu.

Ana nan sai wani jirgin ruwa da ya ɗauko 'yan wasan opera na gargajiya ya kife, da yawansu suka rasu. Mu da ke bakin Binuwai mun san yadda irin wannan labari ke girgiza gari. Waɗanda suka tsira suka shiga neman mai goge da zai cike gurbi, aka nuna musu yaron gona. Ta haka ya fita daga taɓo. Da aka sake buɗe babbar makarantar kiɗa ta Beijing bayan rasuwar Mao, ya samu shiga, kuma a 1986 ya wuce Jami'ar Columbia da ke New York, inda ya riƙa goga a bakin titi don ya samu na abinci.

Ang Lee, daraktan fim ɗin, ya ba shi labarin jarumai biyu, Li Mu Bai da Yu Shu Lien. Suna son juna shekara da shekaru, amma babu mai iya furtawa, domin an taɓa yi wa Yu Shu Lien baiko da aminin Li Mu Bai, kuma aminin ya rasu. Bafulatani ko Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Kunya ce, da kara ga mamaci. Suna zaune suna shan shayi, ya ɗauki hannunta ya kai kumatunsa, sannan ya saki. Bakinsu bai faɗi ba, sai kiɗa ya faɗa.

A nan gwanintar take. Sinawa suna da wani goge mai tsirkiya biyu da suke kira erhu, ɗan'uwan gogenmu ne, muryarsa kan zame daga sauti zuwa sauti kamar mai shesshekar kuka. Tan Dun ya ɗauko babban gogen Turawa, cello, ya danƙa wa Yo-Yo Ma, shahararren makaɗin da aka haifa a Paris ga iyaye Sinawa, ya sa shi ya riƙa zame yatsa a kan tsirkiya irin ta erhu. Sai aka samu murya mai kauri ta namiji babba wanda ke danne hawaye. A ganina wannan ne ya sa kiɗan ke kama wanda bai taɓa jin Sinanci ba. Wajen faɗa kuwa, kamar bin juna da wasu mata biyu suka yi da dare a kan rufin gidajen Beijing, ya bar ganguna suka yi ta dukan zuciya.

Li Mu Bai bai faɗi abin da ke ransa ba sai da allurar guba ta same shi, yana kan gargara. Kafin ya buɗe baki, goge ya riga ya gaya wa mai kallo tun farkon fim.

A watan Maris na 2001 fim ɗin ya ci lambar Oscar huɗu, ɗaya ta Tan Dun ce, ta kiɗan fim mafi kyau. Mai karatu, idan ka samu fim ɗin a waya, ka sa abin sauraro a kunne, kada ka tura gaba wajen shan shayin nan don ka kai ga faɗa.