Wayar kuran ba tiyo: inda ya halatta da inda bai halatta ba

Jama'a masu saurarenmu na Sabon Gari, Tibiri da Jiratawa, da ƴan uwa na waje masu aiko kuɗin gini, tambayar da ake yawan yi mana ita ce: shin dole ne a zura wayar kuran cikin tiyon roba, ko kuwa mai gyaran wuta ne ke son ƙarin kuɗi? To, amsar tana ga irin wayar da kuma inda za ta bi.

Kuran da NIGELEC ke kawo mana gida bolt 220 ne, ya isa ya kashe mutum, ya isa ya tada gobara. Ka'idar da masu aikin wuta a nan suka saba bi ita ce ta Faransa, NF C 15-100. Ta raba waya gida biyu.

Akwai waya tilo mai riga ɗaya: ja, ko shuɗiya, ko kore da rawaya ta ƙasa. Wannan ba a barin ta tsirara ko kaɗan, sai cikin tiyo. Akwai kuma kebul mai ƴaƴa biyu, uku ko fiye, kowane da rigarsa, sannan wata baƙar riga mai kauri ta rufe su duka. A jikinsa za ku ga an rubuta U1000 R2V. Shi ne aka yarda a bi da shi a fuskar bango ba tiyo, muddin an kafe shi da maƙalai kusa-kusa, ba a bar shi yana reto ba.

Amma fa ko shi ɗin, in za a binne shi cikin bango a shafe da siminti ko laka, sai da tiyo. In zai bi ƙarƙashin ƙasa zuwa wani ɗaki, a sa shi a jan tiyo, zurfin santimita 50 aƙalla, a shimfiɗa jar raga a samansa don mai haƙa ya gani. Inda zai ratsa bango ko bakin kwano, nan ma a sa masa guntun tiyo, don kwano na yanka riga, zafin bazara kuma na gasa ta.

Siririyar wayar nan ta rediyo da fanka ba ta aikin gida ba ce. Ita muke gani an ja ta kan zana zuwa gidan maƙwabci, ɓera ya ɓalgace ta, damina ta zo ta same ta.

Kauri ma da ka'idarsa: 1,5 ga ƙwayayen fitila, 2,5 ga wurin jona kaya. A sa kuma na'urar da ke yanke wuta da kanta in ta fara zurarewa, mai lamba 30 mA.

Ku da ke Kano, Libiya ko Abijan, kafin a yi shafe ku ce a turo muku hoton bangon ta WhatsApp, ku ga tiyon da idonku. Da zarar siminti ya rufe, gyara sai an fasa bango.