Feshin Maganin Fumfuna a Gonar Masara: Riba Ko Asara?

Kafin 2016, manomin masara a Saminaka ko Funtuwa bai cika saɓa injin feshi ba sai don kashe ciyawa. A shekarar ce tsutsar nan mai cin zuciyar masara, 'yar asalin nahiyar Amurka, ta ɓulla a Najeriya, feshi ya zama dole. Da hannu ya saba, sai masu shagunan magani suka fara cewa a zuba har da na fumfuna, irin su mankozeb, a tanki ɗaya. Yau akwai mai fesa shi ko da ganye lafiya ƙalau yake.

Cutar fumfuna kam ba ƙarya ba ce. Gona ɗaya ake maimaita wa masara shekara da shekaru, a shuka ta a cunkushe, ga ragowar karan bara a ƙasa yana riƙe da ƙwayar cutar ƙonewar ganye. Da marka ta zauna a watan Agusta, sai dogayen tabo masu ruwan toka su taso daga ganyen ƙasa suna hawa sama. Cutar tsatsa kuwa iska ke kawo ta. Irin wadda ta shigo Afirka ta Yamma ta Saliyo a 1949 ta yi mummunar ɓarna, kuma iri mai jure mata ne ya karya lagonta.

Maganin yana aiki, amma da sharaɗi. Ba ya rayar da ganyen da ya ƙone, kare mai rai yake yi. Ganyen da ke jikin goyo da na samansa su ke cika ƙwaya, don haka feshin da ke mayar da kuɗinsa shi ne wanda aka yi daga fitar bununi zuwa fitar gemu, idan an ga cuta ta doshi wurin. A nan gizo ke saƙar: lokacin masara ta fi mutum tsayi, mai feshi yana kutsawa cikinta, maganin na sauko masa a fuska, sau da yawa ba takunkumi ba safar hannu. Mankozeb ɗin nan kuwa Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da shi a 2020 saboda lafiyar ɗan Adam.

Asarar da ta fi yawa ita ce fesa wa abin da ba fumfuna ba. Ganye ya yi ɗorawa don yunwar taki, a kawo magani. Cutar da ke zana fararen layuka a ganye bairos ce da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa, maganin fumfuna bai san da zamanta ba. Gubar afulatoksin ma, wadda ke sa kamfanonin abincin kaji ƙin sayen masara, feshin ganye ba ya hana ta. Sai maganin Aflasafe na cibiyar IITA da ake watsawa mako 2 zuwa 3 kafin bununi, da kyakkyawar shanya. Sannan maimaita magani iri ɗaya kan sa cutar fumfuna ta daina jin sa.

A ganina, kuɗin manomi ya fi amfani a wajen iri mai juriya, kamar wasu daga jerin SAMMAZ na cibiyar IAR ta Samaru, da karɓa-karɓa da waken suya ko gyaɗa. Kafin ka sayi kwalba, tsinko ganyen ka nuna wa malamin gona.