Injiniyan Jirgin Ruwa: Sana'ar da Shagari Ke Buƙata

Idan aka ambaci injiniyan jirgin ruwa, hankali kan tafi Legas ko Fatakwal, wajen manyan jiragen dakon kaya. A ƙasar Sakkwato kuwa, da wuya ka ji uba yana sha'awar ɗansa ya karanci wannan fanni, tunda teku ta yi mana nisa. Sai dai abin da ya faru a ƙaramar hukumar Shagari ya isa ya sa mu sake tunani. A watan Afrilun 2022, cikin azumi, kwalekwale ya kife da mutanen Gidan Magana, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa da suka fita neman itace. A Mayun 2023 kuma aka rasa yara 15 daga Dandeji ta irin wannan hanya. Allah ya jiƙansu. Mutuwa wa'adi ce, amma an umarce mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali, kuma ilimin ɗaurin nan akwai masu shi.

Abin da injiniya ya sani shi ne, jirgi yana yawo a kan ruwa ne matuƙar ruwan da ya ture ya kai nauyinsa. Duk mutum ɗaya da ya ƙaru, jirgin zai ƙara nutsa, tazarar da ke tsakanin bakinsa da ruwa ta ragu. Idan ta rage 'yar kaɗan, iska ko ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta cika shi. Sannan akwai tsawon lodi. Dammunan itace da aka jibga sama, da fasinjoji a tsaye, suna ɗaga cibiyar nauyi, sai jirgi ya kasa dawowa daidai idan ya karkata. Mafi haɗari shi ne ruwan da ya taru a ciki ta yoyo: da jirgi ya jirkita, sai ruwan ya kwarara can ɓangaren, ya ƙara danne shi. Saboda irin wannan ne Samuel Plimsoll ya yi fafutika a majalisar Ingila, har dokar 1876 ta wajabta zana alamar iyakar lodi a jikin jiragen kasuwanci.

Sana'ar tana da rassa uku. Na farko koyarwa. Makarantar horar da ma'aikatan jiragen ruwa da ke Oron a Jihar Akwa Ibom ta daɗe tana yaye injiniyoyi, Jami'ar Jihar Ribas da ke Fatakwal tana da sashen wannan fanni, ga kuma jami'ar harkokin ruwa ta Okerenkoko a Jihar Delta da ta fara karatu a 2018. Ɗalibin da ya iya lissafi da fiziks, ko daga Bodinga ya fito ko daga Shagari, ƙofar a buɗe take gare shi. Zai koyi injin dizal, farfela, lantarki, walda da fasalin gangar jirgi. Mai son zama malami kan yi aiki a ɗakin inji na wasu shekaru, sannan ya ƙaro digiri, wasu har Malmo ta ƙasar Suwidin, inda Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta kafa jami'a a 1983.

Na biyu bincike, kuma a nan ne Arewa ta fi ƙishi. Wane fasalin jirgi ya dace da gulbin da ke cika da damina ya janye da rani? Wane katako ya fi jure ruwa, kuma nawa zai ci a koma jirgin faiba? Wane inji ya dace da tafkin Goronyo ko na Kainji, inda kututturan itatuwa ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa? Littattafan da aka rubuta don teku ba su amsa waɗannan ba. Sai mai bincike ya zauna da Sarkawa da masassaƙa, ya haɗa saninsu na gado da awonsa.

Na uku ba da shawara ga gwamnati da masu jirage. Wannan ba ya buƙatar kayan miliyoyi. Injiniya ya zo mafita da buhunan yashi da ya san nauyinsu, ya jera su a kwalekwale ɗaya bayan ɗaya. Ya rataya zare da ɗan ƙarfe a tsakiya, ya matsar da buhu gefe, ya ga yadda zaren ya kauce. Daga nan ya yi lissafi, ya ɗauki fenti ya ja layi a jikin jirgi, ya rubuta adadin mutanen da zai ɗauka. Sarkin ruwa ya samu hujjar da zai ce wa mai fito, "Malam, ruwa ya taɓa layi, sauran su jira sawu na biyu."

Hukumar NIWA mai hedikwata a Lakwaja ita ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, amma ma'aikatanta ba za su tsaya a kowace mafita ba. Rabon rigunan kariya bayan kowane haɗari abu ne mai kyau, sai dai bai gyara jirgin ba. Ya kamata gwamnatin Sakkwato ta ware gurabe a tallafin karatu don wannan fanni, tare da sharaɗin ɗalibai su dawo su yi aiki a gida, kuma a buɗe gajeren horo ga kafintoci da masu fito a kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Masu hannu da shuni na Shagari da Bodinga su ma za su iya ɗaukar nauyin yaro ɗaya ko biyu tun daga bana.