Kore, Rawaya da Ja a Littafin Insha'i

A makarantu da dama a Amurka, darasin insha'i kan fara ne da alƙaluma uku: kore, rawaya da ja. Wata malama daga jihar Kolorado, Maureen Auman, ita ta yaɗa dabarar a tsarinta mai suna Step Up to Writing, kuma daga fitilar danja ta aro launukan.

Kore na nufin a wuce, wato jimlar farko mai faɗin abin da za a tattauna. Rawaya na cewa a sassauta, a kawo dalili. Ja kuwa tsayawa ce cak, a yi bayani, a ba da misali. Daga ƙarshe a rufe da kore.

Amfanin abin yana bayyana ne bayan ɗalibi ya gama rubutu, ya bi jimlolinsa ɗaya bayan ɗaya yana ja musu layi. A ce an ba shi insha'i kan illar sare itatuwa. Ya ambaci zaizayar ƙasa, ya ambaci kwararowar hamada da tsananin zafi, shafi ya cika da rawaya, ja ko ɗigo babu. Ba sai malam ya yi magana ba, idonsa ya riga ya gaya masa cewa jero dalilai kawai ya yi, bai warware ko ɗaya ba.

Amfani da launi a rubutu ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taɓa buɗe Alƙur'ani rubutun hannu na ƙasar Hausa ko Barno, inda haruffa ke da baƙar tawada, wasula ja, hamza rawaya. Kowane launi da aikinsa.

Sai dai launi shi kaɗai ba ya koyar da komai. A 2013 wani mai bincike, John Dunlosky, da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu goma, suka sanya shafa wa rubutu launi cikin masu ƙarancin amfani. Abin da ke amfanar ɗalibi shi ne tambayar da yake yi kafin ya ɗauki alƙalami: wannan jimlar, mene ne aikinta?

Akwai kuma yaran da idonsu ba ya bambance ja da kore, galibinsu maza. Su sai a yi musu da alama, kamar da'ira ko layi biyu.

Malamai su gwada dabarar tun daga ƙananan azuzuwan sakandare, sannan su yaye ɗalibai daga ita kafin lokacin WAEC da NECO, domin a zauren jarrabawa biro ɗaya ɗalibi zai riƙe.