Kafin a sha magani, a duba sunansa na asali a waya



Mu da ke aiki a shagon magani, sau da yawa dattijo kan zo mana da leda cike da ƙwayoyi. Wannan ɗansa ne ya aiko daga Amurka, wancan a Makka aka sayo, ga wani daga Lome. Kwalayen daban-daban, sunayen ma haka, amma in muka duba sai mu tarar magani ɗaya ne. Tylenol, Panadol da Doliprane duk farasitamol ne. A Amurka ana rubuta shi acetaminophen, a nan Ghana kuwa paracetamol.

Ga inda hatsarin yake. Babban mutum bai kamata ya wuce miligiram 4,000 na farasitamol a kwana ɗaya ba, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Wanda ya tsufa, ko ya rame, ko yake da ciwon hanta, nasa bai kai haka ba. Magungunan mura da yawa ma suna ɗauke da shi. In mutum ya sha na ciwon kai, ya ƙara na mura, ya ɗora na ciwon gwiwa, zai iya wuce iyaka bai sani ba, kuma hanta ce ke shan wahalar.

A nan wayar da ke aljihunmu take da amfani. Galibi magani yana da sunan kamfani da manyan baƙaƙe, da sunan asali da ƙanana a ƙasansa. Na asalin za a rubuta a nema. Manhajar Drugs.com da shafin MedlinePlus kyauta ne; suna faɗin aikin magani da illolinsa. Drugs.com tana da wurin da za a sa magani biyu ko uku a ga ko suna jituwa. Mai shan maganin hawan jini, misali, zai ga gargaɗi game da ibuprofen da diclofenac, domin suna iya ɗaga jini su taɓa ƙoda. Da Turanci aka rubuta su, don haka jikoki su zauna da kakanni su karanta musu.

Sai a duba lambar rajistar hukumar FDA ta Ghana a jikin kwali, da ranar da magani zai lalace. In magani ya jawo ƙuraje, jiri ko kumburi, hukumar tana da manhajar Med Safety da ta ƙaddamar a 2019 don kai rahoto. In numfashi ya yi wuya kuwa, asibiti za a nufa nan take.

Waya tana da iyakarta. Ba ta san nauyin jaririnki ba, ba ta san sakamakon gwajin ƙodarka ba, kuma haɗe-haɗen gargajiya da ake sayarwa a kwalba galibi ba su cikinta. Kada kowa ya bar maganin suga ko na hawan jini saboda abin da ya karanta, balle saƙon murya da aka turo a WhatsApp. In abin da waya ta ce ya saɓa wa na likita, a ɗauki hoton kwalin gaba da baya, a kawo mana ko a koma wurin likitan. Tambaya a shagon magani ba ta da kuɗi.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.